Tafiyar Kwana Biyu a Motar Makaɗa

Shekara shida ke nan da abokina ya kafa ƙungiyar makaɗa shi da wasu mutum huɗu, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganinsu suna kiɗa ido da ido ba. Abin da na sani game da aikinsu bai wuce waƙoƙin da yake turo mini ta waya ba, waɗanda nakan saurara hankalina yana kan wata hidimar, in yaba masa da kalma biyu ko uku, shi kuma ya yi godiya ba tare da ya taɓa nuna mini ya gane cewa yabon bai kai zuci ba. Saboda haka da ya kira ni ya ce an gayyace su kiɗa a wata liyafa da za a yi a wani babban gida a wani birni mai nisa, kuma akwai gurbin mutum ɗaya a motarsu, nan take na amsa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, ya ce duk wanda ya shiga motar makaɗa ma'aikaci ne, ba a ɗaukar ɗan kallo.

Mun haɗu ranar Asabar tun da duhun asuba a ƙofar ɗakin da suke ajiye kaya, kuma a nan na fara ganin cewa lodin kayan kiɗa ilimi ne mai zaman kansa. Manyan lasifikoki da amfilifayoyi, wato na'urorin ƙara ƙarfin sauti, su aka fara sakawa, aka jingina su da bayan kujeru don kada su gangaro idan an taka birki. Ganguna suka biyo baya, kowace a jakarta, sannan piyanon lantarki, sannan akwatin wayoyi, wanda abokina ya ƙirga abin da ke cikinsa da bakinsa a gabanmu, guda 23. Jita biyu da bes ɗaya, wato jita mai kaurin murya, su ne na ƙarshe, aka kwantar da su a sama, aka rufe su da bargo, domin zafin rana yakan lanƙwasa wuyan jita ya ɓata mata murya. Kafin mu tashi kowa ya zuba nasa kason na kuɗin mai. Da na miƙa nawa sai mawaƙiyarsu ta mayar mini, ta ce, "Malam, kai baƙonmu ne a aljihu, amma a ɗaukar kaya ɗan gida ne."

Awa uku na farko sun wuce ba wani labari, yawancinmu barci muka yi. A wani shingen bincike ne aka tsayar da mu, wani jami'i ya leƙa ta taga, idonsa ya sauka a kan dogayen akwatunan nan baƙaƙe da ke ƙarƙashin bargo, ya ce a sauke komai. Ban ga laifinsa ba, domin wanda bai san akwatin jita ba yana da hujjar yin zargi. Abin da ya burge ni shi ne natsuwar abokina. Ya ce, "To, yallaɓai," ya ciro wata takarda daga aljihun mota mai ɗauke da jerin dukkan kayansu da lambar da kamfani ya buga a jikin kowanne, ya miƙa. Jami'in ya riƙa dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wata jaka mai faɗi da nauyinta ya ba shi mamaki, mai ganguna ya buɗe masa faya-fayan ƙarfen da ake bugawa tare da ganguna, ya ce masa tagulla ce, wajen kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 kuza, kuma gidan Zildjian da ya ƙera su ya faro sana'ar a Istanbul tun shekarar 1623.

Daga ƙarshe jami'in ya ce abokina ya kaɗa jitar ya ji. Ya kaɗa, sai wani ɗan siririn sauti ya fito wanda ƙarar motocin da ke wucewa ta haɗiye. Jami'in ya ce ai wannan ta lalace. Abokina ya nuna masa wasu ƙananan sanduna da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya bayyana masa cewa maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, kuma idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansu sai ta haifar da 'yar wutar lantarki, wadda amfilifaya ke karɓa ta kumbura ta ta zama sauti. Ya ce jitar lantarki bebiya ce sai an ba ta wuta. Ni kaina ban san wannan ba sai ranar. Saukewa da mayar da kaya sun ci mana kusan minti 50, kuma mun rabu da jami'in da fatan alheri. Sauran hanyar ba mu tsaya ba sai sau ɗaya, muka sha mai, muka ci abinci a tsaitsaye.

Da la'asar sakaliya muka isa. Gidan bene ne mai faɗi a wata unguwa mai shiru, yana da babban falo a ƙasa wanda ƙofofinsa na gilashi ke buɗewa zuwa farfajiya. Maigidan, wani magidanci mai fara'a, ya tarbe mu da kansa, ya ce liyafar ta murnar kammala karatun 'yarsa ce, kuma suna sa ran baƙi kusan 200. Ya nuna mana wani ɗaki a sama da aka shimfiɗa katifu shida a ƙasa, ya ce nan ne masaukinmu. Ba mu ko zauna ba, domin abokina ya riga ya sauka falo. Na same shi tsaye shi kaɗai a tsakiya, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya karkata kai yana sauraro. Tafin ya yi ta kai da komo tsakanin tayil ɗin ƙasa da gilashin ƙofofi kafin ya mutu. Ya girgiza kai, ya roƙi maigidan da a kawo duk wata darduma da ke gidan, a kuma sassauke labule, domin abu mai tauri da santsi mayar da sauti yake yi, mai laushi kuwa shanye shi yake yi. An shimfiɗa babbar darduma a inda ganguna za su zauna, wadda kuma za ta hana babbar gangar da ake bugawa da ƙafa zamewa gaba.

Batun wuta ya fi ɗaukar lokaci. Gidan zama ba a gina shi don kiɗa ba, kuma soket ɗin falo sau da yawa layinsu ɗaya ne da na wani sashe na gidan. Mai bes ya nemi a nuna masa akwatin makunnin wuta, ya riƙa kashe su ɗaya ɗaya ina tsaye a falo ina gaya masa wane soket ya mutu, har muka gano cewa bangon da suka so jonawa layinsa ɗaya da firji biyu da tukunyar dafa ruwa. Da an bar shi haka, da zarar an kunna tukunyar ana tsakiyar kiɗa nauyin zai fi ƙarfin layin, wuta ta katse. Sai aka ja doguwar waya daga wani ɗaki, aka bi ta da salatif a gefen bango, aka manne duk wata waya da ta ratsa inda mutane za su taka. Wannan aikin ni aka ba, na yi shi a durƙushe na kusan awa ɗaya.

Gwajin sauti ya biyo baya, kuma da tsarinsa: ganguna da farko, tun da su ba su da maɓallin rage ƙara kuma dole kowa ya daidaita da su, sannan bes, sannan piyano da jita, murya a ƙarshe. Da mawaƙiyar ta matsa gaba da makirufo a hannu sai wata ƙara mai tsini ta tsaga falon, har masu jera kujeru suka toshe kunnuwa. Abin da ke faruwa shi ne makirufo ya ɗauki sautin da ke fita daga lasifika, ya mayar da shi cikin amfilifaya, ya sake fitowa da ƙarin ƙarfi, ya sake komawa, har ya zama kururuwa. Maganinsa shi ne lasifikoki su kasance a gaban masu waƙa suna kallon jama'a, makirufo kuma ya ba su baya. An matsar da su taku biyu, ƙarar ta ɗauke. Makirufon nata wani tsohon Shure SM58 ne da kansa ya lotsa, irin wanda aka fara ƙerawa a 1966 kuma har yau mawaƙa ba su rabu da shi ba saboda juriyarsa. A nan abokina ya ba ni aikina na dare: in tsaya a can ƙarshen falo, idan muryar mawaƙiya ta nutse a cikin kiɗa in taɓa bakina in nuna sama, idan jita ta yi yawa in nuna shi in nuna ƙasa, domin wanda ke tsaye a tsakiyar kayan kiɗa ba ya jin abin da jama'a ke ji.

Muna jiran baƙi a ɗakin sama na tambayi mai piyano ko ba ya jin ƙasƙanci ne a ce mutum ya kwashe shekaru yana koyon sana'a sannan ya ƙare da kiɗa a falon wani. Ya dube ni da kyau kafin ya amsa. Ya ce a shekarun 1920, a unguwar Harlem ta birnin New York, baƙaƙen fata da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu sukan shirya liyafa a gidajensu, su karɓi ɗan abin shiga a ƙofa don su biya mai gida, kuma a irin waɗannan ɗakuna ne manyan makaɗan piyano kamar James P. Johnson da Fats Waller suka riƙa gwada ƙwanji. Ya ƙara da cewa kiɗan hip-hop da ya game duniya ana danganta mafarinsa da wata liyafa da DJ Kool Herc da ƙanwarsa suka shirya ranar 11 ga Agusta, 1973, a ɗakin taron wani gidan haya da ke lamba 1520 a titin Sedgwick na unguwar Bronx. A ganinsa falo ya fi dandamali wuya, domin a zauren kiɗa mutane sun sayi tikiti sun zo don kai, a liyafa kuwa sun zo ne don junansu, kuma kunnensu sai ka saye shi da aikinka.

Maganarsa ta tabbata tun a waƙar farko. Ƙarfe takwas da rabi suka fara, falon bai cika rabi ba, kuma waɗanda ke ciki sun juya musu baya suna gaisawa da hira. Waƙa biyu suka wuce babu wanda ya tafa sai maigidan da ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in daka wa mutanen tsawa, kuma na zaci abokina zai ƙara ƙarfin amfilifaya don ya danne surutun. Sai ya yi akasin haka. A waƙa ta uku ya ɗaga wa sauran hannu suka yi shiru, aka bar bes da ganguna kaɗai suna tafiya a hankali na tsawon lokaci, kiɗa mai sauƙi da ƙafa ke iya bi. Na ga wata dattijuwa da ke zaune ta fara kaɗa kai, na ga wasu 'yan mata sun katse hirarsu sun juyo, sannan waɗanda ke farfajiya suka fara shigowa don su ga me ya sa falon ya yi tsit. Sai da ya ga fuskoki sun fuskance shi sannan ya saki jitar, mawaƙiyar ta shigo a kanta, kuma daga nan har ƙarshen dare ba su sake rasa jama'ar ba.

Da falon ya cika maƙil, sautin kansa ya sauya. Amsa-kuwwar da ta dame mu da yamma ta ɓace, domin jikin mutane da tufafinsu sun yi aikin da darduma ta kasa gamawa, sai dai sun shanye har da kaifin muryar mawaƙiya, don haka sau biyu na taɓa bakina na nuna sama, abokina ya miƙa hannu ya murɗa maɓalli bai daina kiɗa ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne bes. A waƙoƙin da nake ji ta waya ban taɓa sanin yana nan ba, kuma dalilin a fili yake: tsirkiyarsa mafi kauri tana rawa ne kusan sau 41 a daƙiƙa, sautin da ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fitarwa. A falon kuwa ta ƙafafuna ya shigo, ya hau har ƙirji. Na gane cewa shekara shida ina yanke hukunci a kan rabin kiɗa, kuma mutumin da ke riƙe da ginin duka ban taɓa jin aikinsa ba.

Saboda babu dandamali, tsakanin makaɗa da na gaban jama'a bai wuce kamu uku ba, kuma wannan kusanci ya bayyana mini yadda suke magana da juna ba da baki ba. Abokina yakan ɗaga wuyan jita idan saura zagaye ɗaya a rufe waƙa, mai ganguna yakan kafe idonsa a kan hannun mai bes, mawaƙiyar kuma takan ja da baya taku ɗaya idan ta bar wa piyano fili. Bayan kowace waƙa biyu abokina yakan sunkuya ya gyara tsirkiyoyinsa da wata 'yar na'ura da ke ƙasa, wadda aka saita a kan ma'aunin da makaɗa suka yarda da shi na rawa 440 a daƙiƙa, domin zafin jikin mutane da gumi suna sa tsirkiya ta saki. Na san shi tun muna yara a matsayin mai kunya wanda ba ya iya haɗa ido da baƙo, amma ga shi yana juya mutum 200 da ɗaga gira.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na hango maigidan a bakin ƙofa yana magana da wani dattijo sanye da kayan barci. Maƙwabci ne, kuma bai zo da faɗa ba. Ya ce matarsa tana kwance ba lafiya, kuma ba waƙar ce ke damunsu ba, don ba sa ma jinta, wani dum-dum ne ke ratsa bango yana kaɗa musu taga. Gaskiya ya faɗa, domin sauti mai kauri zangonsa dogo ne, na tsirkiyar nan ta bes ya haura mita takwas, kuma bangon da ke tare siririn sauti ba ya iya tare shi. Maigidan ya rasa abin yi, ya zo ya raɗa wa abokina. Abokina ya ajiye jita, ya ratsa jama'a har ƙofa, ya rusuna ya ce, "Baba, a yi mana afuwa, a ba mu minti biyar, in ba ku ga sauyi ba mu da kanmu za mu tsaya." Aka rufe ƙofofin gilashi, aka ɗaga amfilifayar bes daga ƙasa aka ɗora a kan kujera mai laushi aka rage ta, mai ganguna ya shimfiɗa tawul a kan gangunansa, ya ajiye sanduna ya ɗauko wasu tsintsiyoyin waya da ake shafa fata da su. Mawaƙiyar ta roƙi jama'a su zauna, kuma suka zazzauna a ƙasa, a kan matakalar bene, wasu a hannun kujeru.

A cikin wannan shiru ne abokina ya matso makirufo da kansa, abin da bai yi ba duk daren, ya fara wata waƙa da na gane tun daga kaɗawar farko, domin ya turo mini ita shekara biyu da suka wuce. A lokacin na amsa masa da cewa ta yi daɗi. Sai a daren nan, da babu abin da ya rufe kalmomin, na ji abin da take cewa. Waƙar mahaifinsa ce, wanda ya rasu 'yan watanni kafin ya turo mini ita, mutumin da na sani, wanda ya sha raka mu makaranta muna ƙanana. Baiti na biyu yana maganar wata tsohuwar rediyo da marigayin yake gyarawa da hannunsa duk lokacin da ta mutu, kuma ni na san rediyon, na san inda ake ajiye ta. Abokina ya miƙo mini makokinsa a cikin waƙa, ni kuwa na saurare ta da rabin kunne na mayar masa da kalma uku. Ina tsaye a ƙarshen falo na kasa riƙe hawaye. Da ya gama, an ɗauki 'yan daƙiƙoƙi babu wanda ya motsa kafin tafi ya ɓarke, kuma na ga maigidan yana share fuska da hannun rigarsa.

Ƙarfe ɗaya suka rufe. Baƙi suka watse, mu kuma muka shiga kwance abin da muka ɗaura, muka ɓamɓare salatif, muka naɗe wayoyi. Mai bes ya koya mini yadda ake naɗe waya, zagaye ɗaya a miƙe, na biye a juye, don kada zaren cikinta ya murɗe ya karye. Da na kwanta wajen ƙarfe uku kunnuwana suna ta ƙugi, mai ganguna ya tuna mini cewa ya ba ni abin toshe kunne da yamma na sa a aljihu. Ya ce sautin da ya kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara bai kamata kunne ya jure shi fiye da kusan minti 15 ba, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa kada wuraren kiɗa su wuce wannan ma'auni. Shi da yake zaune a tsakiyar ganguna bai taɓa hawa kujerarsa kunne a buɗe ba. Ƙugin bai bar ni ba sai bayan kwana biyu.

Da safe, kafin mu loda kaya, abokina ya ce in raka shi gidan maƙwabcin. Dattijon ya fito, muka gaishe shi, muka yi masa ya mai jiki, ya ce ta samu barci, ya sa mana albarka. Maigidan da ya yi liyafar ya sallami makaɗan da abin da aka yi alkawari har da ɗan ƙari. A mota suka yi lissafi a fili: aka cire kuɗin mai na zuwa da dawowa, aka ware na sabbin tsirkiyoyi da sandunan ganga da hayar ɗakin ajiya, abin da ya rage aka raba biyar, kuma kason kowa bai kai ladan kwana biyu na aiki mai nauyi irin wannan ba. Babu wanda ya yi ƙorafi, maganarsu duka a kan waƙa ta uku ce da yadda za su sake gwada wannan dabara.

A hanyar dawowa shingen bai tsayar da mu ba. Da sauran suka yi barci na koma kujerar gaba kusa da abokina, wanda ke tuƙi, na ce masa na ji waƙar Baba, kuma ina neman gafararsa a kan amsar da na ba shi a wancan lokaci. Ya daɗe bai ce komai ba, idonsa a kan titi, sannan ya ce rediyon tana wurinsa, ya kai ta an gyara, tana kama tasha biyu. Muka yi ta hirar marigayin har muka shigo gari bayan faɗuwar rana. A ƙofar ɗakin ajiya muka sauke kaya, jita da farko, lasifikoki a ƙarshe, ya buɗe akwatin wayoyi ya ƙirga, 23 cif. Ya ce suna da gwaji ranar Laraba da yamma, na ce masa a ajiye mini kujera.